Sau Uku Ake Tambaya

Bayan an gama yaƙin basasa muka komo Fatakwal, ni da maigidana, a bayan motar shanu. Ba zan faɗi sunansa ba. Tun da aka yi mana aure ban taɓa kiransa da suna ba, ba kuwa yanzu da ƙasa ta rufe masa ido zan fara ba. Mu duka biyun mutanen ƙasar Malumfashi ne. Iyayenmu Maguzawa ne, mu kuma masu bin Yesu.

Ɗakin da muka bari lokacin gudu mun tarar da wani a ciki, har ya sa labule. Muka bar masa. Alhajin da maigida yake yi wa aiki tun kafin yaƙi, wani dillalin shanu a mayankar Trans-Amadi, shi ya ba mu ɗaki a bayan rumfar fatunsa. Aikin maigida ke nan, fata. Ya kankare, ya zuba gishiri, ya shanya, ya kwashe da gudu, don ruwan saman garin nan ba ya sallama kafin ya sauko. Ni kuma ina tuyar waina a bakin mayanka, mahauta da 'yan dako su ne masu saye a wurina.

Abin da ya dame shi ba aiki ba ne, ranar Lahadi ce. Coci-coci ga su nan ko'ina a gari, amma ko dai da Turanci ake yi ko da yaren 'yan ƙasa. Shi kuwa Turancinsa bai wuce na kirga fata ba. Littafi Mai Tsarki na Hausa gare shi, wanda ya gudu da shi ya kuma komo da shi, yana karantawa a hankali da yatsa. Mukan je mu zauna tun farkon sujadar coci har ƙarshe, mu tashi in an tashi, mu zauna in an zauna, mu dawo gida kamar yadda muka fita. Wata Lahadi na ajiye masa tuwo ya ƙi taɓawa. Na tambaye shi ko miyar ce ba ta yi ba. Ya ce miya ba ta da laifi, zuciyarsa ce take bushewa, ya yi wata shida bai ji an kira sunan Ubangiji da harshen da uwarsa ta yi masa magana ba.

Daga nan ya shiga neman mutane. In ya tashi aiki sai ya bi gari a ƙasa, yana tambayar masu gadi da 'yan dako ko sun san wani mai bi daga Arewa. Ya samo masu gadi biyu 'yan kudancin Zariya, da wani tsohon soja mai ɗingishi da aka sallama bayan yaƙi, da wata gwaggo mai sayar da daddawa a Kasuwar Creek Road. Da mu biyu, shida ke nan. Ya je ya durƙusa gaban Alhaji ya roƙi aron rumfar fatu ranar Lahadi da safe. Alhaji ya yi dariya ya ce in dai za mu iya da warin, mu je mu yi ibadarmu, sharaɗinsa guda ne, kada ya ji kiɗa in an kira sallar azahar. Ya ƙara da cewa mu riƙa sa kasuwar shanu a addu'a.

Haka muka fara. Mu ture fatu gefe, in share, mu shimfiɗa tabarmi. Kowa ya cire takalminsa a bakin rumfa, maza a dama, mata a hagu. Na sayo tulu a kasuwa, ina buga bakinsa da tafin hannu kamar yadda muke yi a zumuntar mata a gida, gwaggo tana kaɗa gora. Ƙudaje kuwa sun fi mu zuwa da wuri.

Maigidan nan nawa a gida kana iya kirga maganarsa ta yini a yatsu. Amma in ya durƙusa addu'a sai ka rantse wani aka canjo. Yana magana da Allah kamar mahaifinsa ne ya dawo daga tafiya, yana ba shi labarin kowa, yana hawaye ba ya ko sharewa. Wa'azinsa bai da yawa. Kullum abin da yake nanatawa shi ne kada mu kawo wa Allah sauran ƙarfinmu bayan mun ƙarar a kasuwa. Ya ce son Allah kamar garwashin murhu yake, wadda ba ta tona shi da safe ba, kafin hantsi toka za ta tarar. Saboda haka ya sa kowa ya riƙa addu'a da ƙarfi bi da bi, ko da kalma biyar ce. Tsohon sojan nan da ya ce shi bakinsa bai iya ba, kafin wata uku sai an taɓa shi yake yin shiru. Ni da nake da saurin fushi, na sha barin rumfar nan na je na nemi wadda muka yi cacar baki da ita na ba ta haƙuri, ba don kowa ya sa ni ba. Ban taɓa son Allah kamar yadda na so shi a cikin warin fatun nan ba, wannan gaskiya ce.

Muna kusan mu ashirin wani saurayi ya leƙo. Waƙa ya ji daga bakin titi ya biyo. Ya tsaya a bakin rumfa cikin farar riga da wando mai kari, ya ga takalma a jere, ya cire nasa, ya zauna ya yi ta kuka. A Anacha aka haife shi, kusa da Head Bridge, wato bakin babbar gada, inda mahaifinsa, wani Bakano, yake sayar da albasa. A makarantar mishan ya karɓi Yesu. Yaƙi ya cinye masa iyaye, yanzu ya sami aikin akawu a wani kamfanin mai. Hausa a bakinsa ras, ga Turanci, ga Ibo, ga Turancin buroka. Daga ranar ya zama ɗanmu. Shekara biyu a tukunyata yake ci, ni nake wanke masa fararen rigunan nan. Yana ce mini Inna, yana ce wa maigida Baba. Allah bai ba mu haihuwa ba, sai ka gane inda na ajiye shi a zuciyata.

Wasu daga cikin mazanmu sun auri 'yan ƙasa da ba sa jin Hausa, sai yaron ya fara yi musu fassara. Daga nan sunan Tafinta ya bi shi. Ya iya, ba zan tauye masa ba. Maigida ya faɗi magana guda a hankali, shi ya mayar da ita uku da ƙarfi har da gumi. Lokacin dariya abin yake ba ni, ina tsokanarsa cewa Turanci ashe yisti gare shi. Maƙwabta suka fara shigowa, rumfa ta yi mana kaɗan.

Ana cikin haka Alhaji ya ce tsufa ya kama shi, zai koma Kano. Akwai wani filinsa a bayan rumfar, ya ce ya ba mu kyauta mu gina ɗakin ibada, don shekara da shekaru maigida bai taɓa ɓatar masa da ko fatar akuya ba. Amma ya ce sai an rubuta. Bayan yaƙi kowa a Fatakwal ya ga yadda gidaje suka salwanta, ya san magana ta baki ba ta riƙe ƙasa a garin. Ya turo akawun wani lauya ranar Lahadi bayan sujada, shi kuma ya tafi masallaci don an kira azahar.

A nan sai na tsaya na yi bayani, don yaran yanzu ba lallai su gane ba. A wurinmu in aka miƙo maka babban abu, ba ka cafkewa. Kara ake yi. Tambayar farko ka ce a'a. Ta biyu ka tura wa wani, ka ce ga wane ya fi ka cancanta. Sai a ta uku, in an matsa, ka ce to, tunda kun ce. Ko tuwo aka yi wa baƙo tayi haka ake yi, balle shugabanci. Wanda ya karɓa a tambayar farko, har ya mutu ana ce masa mai haɗama. Mai tambayar ma ya san aikinsa, ba ya tsayawa sai ya cika ukun.

Akawun lauyan ya zauna a kan kujerar tuyata, ya ɗora takarda a gwiwa, ya tambaya da Turanci sunan wa za a sa a matsayin shugaba mai riƙe da fili. Tafinta ya fassara. Tsohon soja ya ce ai wannan ba abin tambaya ba ne, Baba ne. Kowa ya ce haka ne. Maigida ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma.

"A'a," ya ce. "Ni wane ne? Mai wankin fata. Ga masu ilimi nan."

Muka zauna muna jiran ta biyu. Ni har na fara murmushi. Sai Tafinta ya juya wajen akawun ya yi magana da Turanci, gajeriya. Akawun ya rubuta, ya miƙa masa alƙalami, Tafinta ya sa hannu. Aka kira masu gadin nan biyu suka dangwala yatsa a matsayin shaidu, suna kallon juna. Akawun ya naɗe takardarsa ya buɗe lema ya tafi.

Mu ashirin da wani abu muna zaune, ba wanda ya buɗe baki. Ka san dalili? In maigida ya ce a tsaya, ya nuna yana so ke nan. In ni na ce, a ce matarsa ce mai kwaɗayin. Sauran kuma kowa yana jiran na kusa da shi. Kunya ta ɗaure mu gaba ɗaya a kan tabarma. Da Alhaji ya dawo ya ji sunan da aka sa, ya kalli maigida, ya yi tsaki, ya ce kyauta ta riga ta bar hannunsa.

A gida kam ban yi kara ba. Na faɗi abin da ke bakina har da wanda ba ya ciki. Ya bar ni na gaji, sannan ya ce yaron ɗan Anacha ne, a cikin Ibo ya tashi, bai san kara ba. A can in ka ce a'a, to a'a ɗin ce. Ya ce laifinsa ne shi da ya yi wa ɗan kudu al'adar gida, kuma suna a takardar lauya ba shi ne suna a littafin rai ba. Na yarda, don ina so in yarda. Washegari na soya wa Tafinta waina da ƙwai kamar kullum.

Shekarun nan ne kuɗin mai ya ɓarke a garin. Wanda ka sani jiya a kan keke, yau ka gan shi a mota. Abokan aikin Tafinta suka fara zuwa, kuɗin baikon da ake bayarwa a sujada ya yi nauyi, aka fara gini da bulo. Maigida in ya tashi daga fatu sai ya zo ya ɗauki bulo a ka har magariba, ni ina dafa wa magina. Ranar da aka ɗora kwano ya tsaya a tsakiyar ginin ya ɗaga hannu yana kuka.

Ba rana ɗaya aka kore mu ba, shi ya sa ban san ranar da zan ce an yi ba. Da farko benci aka kawo, aka naɗe tabarmi. Masu mota ba sa cire takalmi, aka ce a bar kowa ya shiga da nasa. Sai aka juya tsarin wa'azi, Tafinta ya yi da Turanci, sannan ya taƙaita da Hausa, tunda masu jin Turancin sun fi yawa. Taƙaitawar ta yi ta ƙanƙancewa har ta koma sanarwa. Aka ce a ware wa Hausa nata lokaci da yamma, daidai lokacin da masu gadi suke tafiya aiki. Tafinta ya tafi Inugu ya yi wata uku a wata makaranta, ya dawo da farin abin wuya, aka ce daga yau Fasto za a riƙa cewa. Aka sayo garaya irin ta Turawa mai aiki da lantarki. Wata Lahadi ana ruwa na iso na tarar da tuluna a bakin ƙofa, an cika shi da lemomin mutane, ya zama ma'ajiyar lema.

Kowane mataki sai na yi magana, kowane mataki sai maigida ya samo masa uzuri. Bishara ce take yaɗuwa, in ji shi, ba mu muka roƙi Allah ya kawo mutane ba? Gwaggo mai daddawa ta daina zuwa, ta ce ita ta tsufa da zaman kurame. Tsohon soja ya koma gida Bauchi. Sujadar yamma ta mutu da kanta, ba wanda ya sanar. Amma maigida bai fasa ba. Kowace Lahadi zai sa babbar rigarsa, ya cire takalmi a bakin ƙofa shi kaɗai, ya zauna a bencin baya da Littafinsa, ya ce amin in ya ji an ce. Mun koma inda muka fito, sai dai wannan karon bulon da muke jingina da shi a kansa aka ɗauko. Kuma kowace safiya a addu'armu ta gida sai ya ambaci Tafinta, ya ce Allah ya ƙara wa ɗansa wuta. Ni ma ina cewa amin.

Ranar da abin ya fashe, wani sabon mai tsaron ƙofa ne, ɗan gaye da igiyar wuya. Ya ga tsoho da babbar riga da hula yana cire takalmi, sai ya tare shi da hannu a ƙirji ya ce masa, "Aboki, wetin?" wato me yake nema. Ya nuna masa waje, wai masu bara sai an tashi. Ni ina baya da 'yan matakai. Ban san lokacin da na kwance ɗankwali na ɗaure ƙugu ba. Na zage shi da Hausa, na ƙara da buroka don kada ya ce bai ji ba. Na ce ya tambayi bangon nan wa ya ɗauko shi. Masu waƙa suka yi shiru, mutane suka jujjuyo. Maigida ya sunkuya ya ɗauki takalmansa a hannu, ya ja ni muka zauna a baya.

Bayan sujada aka ce Fasto yana kiranmu a ofis. Ya taso da kansa ya tarbe mu, ya rusuna, ya gaishe mu gaisuwa cikakkiya, gajiya da gida da sanyin damina, babu wadda ya tsallake. Ya ba da haƙuri, ya ce yaron sabo ne. Ya ce ya daɗe yana tunanin yadda za a yi kowa ya san Baba a wurin nan, kuma ga aikin fata ya yi masa nauyi. Dattawan coci sun yarda a ba shi matsayi, da albashi, da kaki mai kyau. Gadin coci.

Maigida yana zaune da takalmansa a cinya. Ya ce a'a, ya gode.

Fasto ya matso da kujera ya ce haba Baba, a duba dai. Maigida ya ce a'a, akwai matasa masu ƙarfi da suke neman aiki, a ba su. Sai Fasto ya yi dariya, ya dafa masa gwiwa, irin dariyar ɗa da ubansa.

"Baba ke nan. Na san halinmu, kara kake yi mini. Ai sai an tambaya sau uku. To ga ta ukun."

 Maigida ya ɗago ya dube shi.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Mahaifina mana. Tun ina ƙarami, in baƙo ya zo rumfarmu..."

Bai ƙarasa ba. Na ga lokacin da abin ya iso masa, dariyar ta tsaya a fuskarsa ba ta gaba ba ta baya. Ya janye hannunsa daga gwiwar. Ya fara cewa wani abu game da yadda akawun nan yake sauri ranar, ga ruwa yana shirin saukowa. Ba wanda ya tambaye shi.

 Shekara bakwai ina wanke yaron nan a zuciyata da cewa bai sani ba. Na ci amanar fushina saboda shi, na soya masa waina washegarin ranar. Ashe yana tsaye a rumfar nan yana kirgawa tare da mu, ya san saura biyu, ya juya ya yi Turanci.

Maigida ya ce, "A'a." Tun da na san shi ban taɓa jin ya kai ta uku da a'a ba. Sannan ya ajiye takalmansa a kan shimfiɗar ofishin, ya zura ƙafa a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ya bi ta tsakiyar cocin da su, tun daga gaban bagade, inda ake wa'azi, har ƙofa, ina jin ƙarar su a kan siminti. Ni na tsaya a bakin ƙofa na juye lemomin mutane a ƙasa na ɗauki tuluna.

Lahadin da ta biyo ya shimfiɗa tabarma a ɗakinmu. Mu biyu ne, sai ɗaya daga cikin masu gadin nan da matarsa. Daga baya mun kai tara, ba mu wuce haka ba har ya rasu. Yana karatu da yatsa kamar da, yana wa'azin garwashinsa, amma hawayen nan na addu'a ban ƙara ganinsu ba. Wannan shi ne abin da aka ƙwace mini, ba fili ba.

Abin da bai bari ba shi ne ambaton yaron. Kowace safiya, bayan ya roƙa wa Alhaji da kasuwar shanu, sai ya ce Allah ya tuna da ɗansa. Sai ya ɗan dakata, yana jirana. Ya san na ji. Yakan jira kamar numfashi uku, sannan ya wuce zuwa roƙo na gaba. Shekara goma sha ɗaya yana dakatawa a wurin nan, bai taɓa yi mini faɗa ba, ni kuma ban taɓa cewa amin ba.